Ranar da Na Goge Harsasan Alhaji

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai, da ranar da na yi wa marigayi maigidana Alhaji gwaninta a kan harsasansa. Ni ban yi karatu ba, maƙwabciyata ce take rubuta mini, kuma na ce mata idan na tsaya kuka ta jira ni.

Alhaji ɗan maharbi ne daga wajen Maraɗi. Ya yi shekaru yana tuƙin tasi a nan New York, amma duk shekara idan sanyi ya wuce sai ya ɗauki takardunsa na izini, shi da amininsa Baba Yakubu, mutumin Kumasi, su tafi dajin arewacin jihar harbin talotalo. (Ga talotalon nan suna yawo a titin unguwarmu ta Staten Island kamar masu gida, amma doka ta hana a taɓa su. Alhaji har sannu yake musu.)

Bindigarsa da harsasai suna cikin akwatin ƙarfe mai makulli a ɗakin ƙasa. Wata shekara ɗakin ya yi laima, kwalayen harsasan suka yi fumfuna. Ya ba ni makulli don in ɗauko masa rigar daji kawai. Ni kuwa da na ga wannan ƙazanta sai zuciyata ta ƙi. Na zubar da kwalayen, na samo tsumma da ruwan goge murhu, na bi harsasan ɗaya bayan ɗaya har ɗan baƙin rubutun da ke jikinsu ya fita tas. (A idona datti ne.) Duk jajaye ne, tsayinsu ɗaya, sai na jera su a cikin samirata mai murfi, wadda ba na zuba wa kowa abinci a ciki sai babban baƙo.

Ana gobe za su tafi, Baba Yakubu ya zo da matarsa Hajiya Memuna cin tuwo. Ban ma jira an wanke hannu ba. Na ɗauko samirar na ajiye a tsakiyar tabarma, na buɗe murfin, na ce, "Hajiya, ki ga yadda ake kula da miji."

Baba Yakubu ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ɗauki wani. Ya ce, "Amarya, ina kwalayen?"

Na ce, "Motar shara ta san inda suke."

"To wanne ne na agwagwa, wanne ne na talotalo?"

Na ce ai tsuntsu tsuntsu ne.

Nan ya yi mini bayani. Na agwagwar ruwa ƙwayoyin baƙin ƙarfe ne a ciki, na talotalo kuwa darma. Idan za a je talotalo akwai ɗan ƙarfen da suke murɗawa a bakin bindiga ya matse shi sosai, don ƙwayoyin su tafi a dunƙule. Darma tana da taushi, tana wucewa. Baƙin ƙarfe ba ya lanƙwasa, yana iya kumbura bakin ko ya tsaga shi, ga fuskar mutum a jikin bindigar. Ya ce, "Shekara talatin kina ba shi tuwo, yau kuma wannan kika dafa masa?"

Hajiya Memuna ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa na ji kamar in shiga samirar in ja murfin.

Alhaji bai ɗaga murya ba, bai ma kalle ni da ido mai zafi ba. Ya tashi ya ciro maganaɗisun da ke manne a jikin firij, ya sa mini a hannu. Ya ce mini, "Hajiya, ke kika goge karatun, yanzu ke za ki karanta mana. Kada ki sa a gindi, can duk ƙarfe ne. Sa a wajen kai." Na sa. Wani harsashin ya ja hannuna, wani ya yi shiru. Ya ce mai ja na agwagwa ne, a ware shi. Wanda na yi kokwanto a kansa ko kaɗan, ya ce ba zai shiga bindigarsa ba har abada. Haka na zauna ina rabewa, tuwo yana hucewa, shi kuma yana ce wa abokinsa, "Ka gani? Ta fi ka sauri."

Sun dawo da talotalo guda, fuskarsa lafiya lau. Daga wannan shekara, ko da kwalin sabo ne da rubutunsa, sai ya miƙo mini ya ce in duba masa da maganaɗisun. Na san ba ya bukata. Kunyata yake wankewa.

Allah ya jiƙan Alhaji. Ɗanmu ya miƙa bindigar inda doka ta ce, maganaɗisun kuwa yana nan a jikin firij, kuma ban taɓa goge shi ba. Yanzu duk abin da na ga yana da rubutu, ko kwalbar magani ce, sai na tambaya kafin tsummana ya kusance shi.