Rasuwar Guntuwa, Wadda Soson Ƙarfe Ya Yi Ajalinta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, ni Desmond Pratley na Charleville nake sanar da 'yan ƙungiyarmu ta masu tara tsofaffin bindigogi rasuwar Guntuwa, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Alhamis tana da shekara ɗari da goma sha takwas.

Marigayiyar gajeriya ce tun daga masana'anta, tsawon hancinta inci goma sha huɗu cif. Ba zarto ne ya rage mata hanci ba, duk da ƙazafin da abokin hamayyata Merv Tuckwell ya shekara tara yana yi mata a wurin baje koli. Zoben da ake rataye ta da shi a sirdi na asali ne. In ka ja mariƙinta ƙasa ta ce ƙaras, ka mayar ta ce ƙas, ba ta ƙara ko kalma. Da ita kakana ya tsare tumakinsa daga karnukan daji. Ni kuwa sai da farar safar hannu nake taɓa ta, saboda tsatsar nan mai launin shayi da muke kira rigar haihuwa. Dukanmu mun sani, ranar da aka goge wa bindiga wannan riga, ta zama ƙarfe kawai.

Ba ta yi jinya ba. Na tafi kasuwar shanu a Dalby kwana uku. Matata Noelene ta tuna aurenmu zai cika shekara arba'in, sai ta ɗauko soson ƙarfe da man goge cokula, ta zauna da yatsun nan nata masu sanyin ƙashi. Na dawo na tarar da gawar a kan tebur, ɗaure da jan ƙyalle, har ina ganin fuskata a jikinta.

"Des, ka gan ta kamar sabuwa?" in ji Noelene. Na ce na gani. Hawayen da suka zubo mini ta ɗauka na murna ne, ta rungume ni, ni kuma ban gyara mata ba.

Marigayiyar ta bar yayye biyu, dogayen bindigogi, da rabin kwalin harsashi, da kambun bajen kolin watan gobe, wanda yanzu zai faɗa hannun Merv. Allah ya sa ya yi masa kaɗan.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe uku, a akwatin gilashin da ke saman hoton aurenmu, inda Noelene ta zaɓa. Akwai shayi da kek. Mai ta'aziyya ya same ni a bayan rumfar askin tumaki, ya yi ƙasa da murya. Duk wanda ya shiga falo kuwa, zai kalli Noelene ya ce bindiga ta yi kyau. Merv, har da kai.