Shugaban Zaure Ya Je Koyar da Adalci

Ko zan manta komai na shekarun koyarwata, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Kazaure ba. Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Roni, kuma duk wanda wayarsa ta rikice a unguwarmu gurina yake kawowa. Hakan ya sa na fara jin kaina (fiye da kima, in faɗi gaskiya). Don haka da wata ƙungiyar matasa ta gayyace ni in yi bayani kan yadda ake tafiyar da intanet a duniya, ko jan aji ban tsaya yi ba. Na zura babbar riga, na haye acaɓa.

Ɗakin taron ya cika. Ga ma'aikata, ga 'yan kasuwa, ga manoma daga Babura da Gwiwa, ga wakilin hakimi a sahun gaba. Na karɓi lasifika na fara zuba.

Na ce intanet ba ta da shugaba guda. Gwamnatoci da kamfanoni da masana da mu masu amfani da ita, kowa yana da bakin magana. Na ce doka a fili ake yin ta, kowa ya san ta. Ba a rufe wa mutum baki don maganarsa ba ta yi maka daɗi ba. In kuma an hukunta shi, sai a gaya masa laifinsa, a bar shi ya kare kansa. Da na ga ana gyaɗa kai, sai na daki tebur na ce, "Duk wanda ya toshe wa jama'a hanyar samun labari, azzalumi ne!" Aka tafa. Har ruwa na kurɓa a hankali don tafin ya daɗe.

Da aka zo tambayoyi, wani dattijo ya miƙe daga baya, ya dogara sandarsa. Ina ganin fuskarsa na gane shi. Baba Buba ne, makiyayi daga wajen Gwiwa.

(Nan dole in tona kaina. Ni ke riƙe da zauren tura saƙonni ta waya na manoma da makiyayan yankinmu, inda ake sanar da zuwan taki da rigakafin dabbobi. Baba Buba ba ya karatun boko, murya yake turowa. Wata rana ya ce a riƙa yin sanarwa da murya, don da yawansu ba sa gane rubutun. Ni kuwa na ɗauka gyara min aiki yake a gaban mutane. Na cire shi, ban ce masa uffan ba.)

"Malam, sannu da ƙoƙari," in ji shi. "Wannan ƙa'ida da ka faɗa, ta manyan duniya ce kaɗai, ko har da ƙananan zauruka irin namu?"

Me zan ce? "Har da su, Baba."

"Madalla. To ni an fitar da ni daga namu. An zo rigakafin shanu ban ji ba, sai bayan an gama na ji a kasuwar Gwiwa. Laifina kawai nake so a gaya min, tunda ka ce ana gaya wa mutum."

Wakilin hakimi ya juya ya ce, "Wa ke riƙe da zauren?"

"Ranka ya daɗe, ga shi nan da lasifika a hannu," in ji Baba Buba.

Maimakon in amsa laifina, sai na ji bakina yana cewa, "Wataƙila matsalar sabis ce." Wata malamar asibiti da ke cikin zauren ta ɗaga wayarta ta ce, "A'a Malam, ga shi a rubuce, kai ka cire shi." Ta karanto har da sunana.

Dariyar da aka yi ba ta dame ni kamar ganin Baba Buba ba. Yana tsaye, amsa yake jira da gaske. Na sauko, na je har gabansa na durƙusa na ce, "Baba, ba ka da laifi. Gaskiya ka faɗa, ni ne na ji zafi. Ka yafe min."

"Ba komai, ɗana. Mayar da ni kawai."

A nan take na mayar da shi. Kafin a tashi, jama'a suka yanke cewa mutum ɗaya ba zai sake riƙe zauren ba. Aka ƙara malamar asibitin da wani makiyayi, aka ce kowace sanarwa sai an bi ta da murya, kuma ba a cire kowa sai ukunmu mun yarda. Ni ma na ɗaga hannu (ba ni da zaɓi).

Darasin da na ɗauka ba shi da tsawo: kafin ka tsaya koya wa duniya adalci, fara leƙa cikin wayarka. In kuma an gayyace ka yin bayani, tambayi su waye za su halarta.