Ledar Rogo a Tukunyar Alale

Ba zan taɓa mantawa da walimar yayata Adda Hauwa ba, 'yan unguwarmu Dubeli ma ba za su bari in manta ba. Amma a gyara zance: masu cewa ledata ba ta yi aiki ba ƙarya suke yi. Ta yi aikinta tsaf. Ni ce sakaryar.

A wani horon sana'a da aka shirya wa matan da rikici ya koro daga Mubi na koyi haɗin (rakiyar ƙawata na je, na zauna daram). Sitacin rogo, ruwa, ɗan ruwan khal, sai gilisarin don kada ta riƙa karyewa. Ka dama a wuta har ya yi yauƙi, ka shimfiɗa a faranti, bayan kwana uku ka ɓare. Leda sak, sai dai in an binne ta ƙasa ta cinye. Wai malamar ta ce ba ta shiri da ruwa. Lokacin ina danna waya.

Biki ya zo, na hana a sayi ledar ƙulla alale. Har wa'azi na yi kan kwatocin Jimeta da awakin da leda ke kashewa. Goggo, shugabar girki, ta ɗaga ɗaya daga ledojin rogon da na kawo ta haska a rana.

"Ke, wannan abin zai jure wuta kuwa?"

"Goggo, kimiyya ce."

Muna ƙullawa tana danƙo a hannu, na ce haka take. Wake mudu biyar muka jera a tukunya.

Dangin ango sun iso daga unguwar Karewa, sun baje a tabarma, Goggo ta buɗe murfi. Babu ƙulli ko ɗaya. Kunu ne ja, yana tafasa abinsa. Ta ɗago ludayi, yauƙi ya biyo shi har gwiwar hannu.

"Ina ledar?"

"Ta narke."

Maƙwabciyarmu Mama Nkechi ta leƙo. "Injiniya! Ai a ƙasa ka ce zai narke, ba a cikin baƙi ba!"

Gayan shinkafa aka kai musu. Sati biyu Adda ba ta ɗaga wayata.

Na dai koyi cewa in malama na magana, a kife waya. Amma in daina? Allah ya kiyaye. Busasshen kaya ba ya narkar da ledar, na gwada da cincin da ƙuli-ƙuli. Asabar zan shiga unguwar Mbamoi in ɗauko buhun rogo, kuma duk mai dariya a layinmu, a ledata zai sayi cincin ɗin sallah.