Ƙarfe Ya Sha Man Dambu

Ni na fasa madambacin Furera, ba zan ɗora wa akuya ba. Na jingine kekena a bangon madafinta, keken ya zame, tukunyar ƙasar ta rabu gida uku. A shekarar nan da ake dakan dusa a ci, dambun da take sayarwa a bakin makarantar garinmu shi ke riƙe da marayunta. Halin sayen sabo babu, a wurinta ko a wurina. Abin da ya rage mata na kayan ɗaki kwanon silba ne guda, irin mai taurin nan da ba ya tsatsa. Na ce ai ni kafinta ne, zan huhhuda gindinsa ya zama madambaci. Ranar farko bakin mahujina na huda katako ya yi ta zamiya har ya dakushe, ƙarshe ya kuɓuce ya huda mini takalmi.

Furera 'yar kawuna ce, ni ɗan mace, don haka tun muna yara bawa take kirana. Washegari na koma.

"Sannu da hutawa, uwar ɗakina."

"Hutun da ka ba ni? Yawwa, bawa. Yau me za ka fasa? Randa ce ta rage."

"Huji na zo yi."

"Ɗaya takalmin? Gara haka, ƙafafun su sha iska tare."

"Jiya bakin katako na sa. Yau na aro na gaske wajen Mika'ilu mai walda a Dawanau. Dubi launinsa, kamar zuma. Kobal suke ce masa, shi ke cin irin wannan ƙarfen."

"To, ya fi mu. Ya sami abin da zai ci."

"Mika'ilu ya ce kada in koma inda na goge jiya. Ƙarfen nan in ya sha zafi bai hudu ba, tauri yake ƙarawa. Kwano dai ya yi gadon mai shi."

"Ni wuya ce ta taurara ni. Kai kuwa an rasa tanƙwara ka tun kana ɗanye. Wallahi ka tsaga kwanon nan, kanka zan ɗora a bakin tukunya. Dama hujojinsa sun isa."

"Tururin ilimi zai dafa miki dambu."

"Ɗanye za a ci ke nan."

Na kife kwanon a kan turmi. "Saura mai. A hankali ake juyawa, ana dannawa, ana ɗiga mai. In ba haka ba bakin ya ƙone, kuma na aro ne."

Ta shiga ɗaki ta fito da 'yar kwalba, man gyaɗa ya kwanta a gindinta, da kyar ya rufe shi.

"Na dambun gobe ne," in ji ta.

"Bari in nemo baƙin mai wajen mai injin niƙa."

"A kwanon abinci? 'Ya'yan mutane kake so in kashe? Zuba."

Na ɗiga, na danna, na juya kamar mai murza tasbaha. Can sai ƙarfen ya fara fitar da siririn zare. Furera ta durƙusa ta riƙe mini kwanon da hannu biyu har huji na ƙarshe. Ta ɗaga shi sama, rana ta zubo mata a fuska ta ramukan. Man kwalbar kuwa ya ƙare ƙarƙaf.

Na kwance ƙullin tsakin masara daga bayan keke na ajiye mata. "Na sallama, ranki ya daɗe. Ga fansar bawa."

Ta taɓa ƙullin da ƙafa, ta yi 'yar dariya.

"Mayar wa matarka Luba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, jiya ban ga hayaƙi a gidanku ba. Turo yaranka da kwano gobe da la'asar. Kai ma ka zo, amma gaya za ka ci. Rabonka na mai ka shayar da ƙarfe."