Rasuwar Gajere, Rediyon da Aka Sa a Firiza

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya zuba, gidan Seu Aderaldo Bezerra na unguwar Casa Amarela a birnin Recife yana sanar da rasuwar rediyonsa, Gajere, ranar Lahadin da aka rufe gasar ƙwallon ƙafa ta bana. Ba tsufa ne ya kashe shi ba. Nivaldo ne ya kashe shi, ƙanin marigayiya Dona Edileuza matar mai gidan, wanda ke sayar da ruwan kwakwa mai sanyi a bakin teku. Da gangan aka rubuta sunansa a nan, don kada ya ce da wani ake.

Marigayin bai fi tafin hannu ba. Batir biyu yake ci. Rigarsa ta fata ce, wadda gumin kunnen mai shi ya mayar baƙa. A kan layin tashoshinsa akwai ɗigon jan farce da Edileuza ta ɗiga da hannunta a shekarar da ciwon suga ya fara cinye idanun mijinta, domin babban yatsansa ya riƙa samun tashar wasanni ba sai ya roƙi kowa ba. Ita ta riga mu tafiya. Ɗigon yana nan.

Marigayin mai kamun kai ne. Bai taɓa raba mutum da iyalinsa a kan teburin abinci ba, kamar wayoyin nan da suka mayar da samari kurame. Amma babban alherinsa sauri ne. A mashayar kan kwana, inda magoya bayan ƙungiyar Estrela do Morro ke taruwa, hoton talabijin sai ya yi zagaye kafin ya iso, muryar Gajere kuwa kai tsaye take zuwa. Saboda haka makaho ne ke fara ganin ƙwallo. Aderaldo yakan zauna a lungu, ya ba talabijin baya, rediyo a kunne, maza masu ido biyu suna leƙen fuskarsa.

"Seu Aderaldo, ta shiga ne?"

"Ku jira akwatinku, masu ido."

Mutumin da sai 'yarsa Cleonice ta riƙe masa hannu yake tsallaka titi, shi ke jan ragamar mashaya gaba ɗaya har alƙalin wasa ya busa tashi. Wannan ne kaɗai girman da ya rage masa, kuma wannan Nivaldo ya taɓa.

Kowa a nan ya san al'adar: ka rubuta sunan ƙungiyar abokan hamayya a takarda, ka jefa a firiza, ƙafafunsu su daskare. Nivaldo mai goyon bayan ƙungiyar Portuário ne tun yana yaro, ya yi shekaru yana daskarar da takardu Estrela tana ci gaba da cin su. Ana gobe wasan hamayya na watan Yuni, ana tsakiyar shagalin bikin waliyyi São João, ya shigo gidan Aderaldo da sunan gaisuwa, ya ci dambun masara, ya fita da Gajere a aljihu. Aderaldo ya lalube gidan nan lungu-lungu, har ƙarƙashin murhu. Ranar wasan bai je mashaya ba.

Cleonice ce ta tsinci marigayin bayan kwanaki, a firizar kawunta, tsakanin kwakwa da ledar kifi, ƙanƙara ta rufe masa baki.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Wasa ne, 'yar nan. Takarda ba ta kama su, na ce bari in sa bakin nasu gaba ɗaya." Da ya biyo ta gida kuma yana dariya: "Haba mijin yaya, kai ma dai. Yaushe sanyi ya taɓa kashe ƙarfe?"

Aderaldo ya miƙa hannu. Ya karɓi rediyon ya cusa a cikin rigarsa, ya matse shi a ƙirji har rigar ta jiƙe.

Mai wannan rubutu bai yarda cewa firiza tana hana ƙwallo shiga raga ba. Abin da ya sani shi ne, babban mutum da zai saci idon makaho ya kira abin wasa, ba ɗan ƙwallo ba ne, mugu ne. Abin da ya faru kuma ba a ɓoye yake ba: daga wannan makon Estrela ta daina ci. Canjaras, rashin nasara, canjaras, an kori koci an kawo wani, har ta gangara cikin huɗun ƙarshe na teburi ta zauna.

Jinyar ta yi tsawo. An binne Gajere a buhun shinkafa, an shanya shi a rana, mai gyara ya buɗe ya ce tsatsa ta ci cikinsa. Ya dawo yana magana da dusasshiyar murya, a ƙarƙashinta kuma akwai wani sauti da ba ya yankewa, shhh, kamar taron jama'a sun riƙe numfashi. Daga baya ya fara rikicewa. Ana tsakiyar wasa sai muryar mai sharhi ta nutse, wata ta taso, ta tsohon mai sharhin da aka binne tun Cleonice tana goye, yana kiran sunayen 'yan wasan da yawancinsu suna maƙabarta. Cleonice ma ta ji, ta fita tsakar gida ta tsaya. Wata rana Aderaldo ya ce mata a cikin hayaniyar 'yan kallon nan ya ji dariyar da ya sani, ta Edileuza, wadda yake zuwa filin wasa da ita kafin a haifi Cleonice. Bai ƙara maganar ba, amma daga ranar bai sake kashe rediyon ba.

Lahadin ƙarshe, canjaras kawai Estrela ke nema ta tsira daga faɗawa rukuni na biyu. An dawo hutun rabin lokaci babu ci. Sai Gajere ya yi tari, tsohuwar muryar ta taso ta ce "gol". Ba doguwar nan ba da ake ja har numfashi ya ƙare idan namu suka ci. Gajeriya, busasshiya, wadda ake yi wa baƙi. Aderaldo ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Me ya faru, Seu Aderaldo?"

"Mun sauka."

Aka juya ga talabijin. Ƙwallo tana tsakiyar fili, ana shirin jifa. Aka jira ɗan jiran da aka saba, babu komai. Wani ya ce, "Tsoho, rediyonka ya zautu," aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Wannan "gol" ita ce kalma ta ƙarshe daga bakin marigayin. Aderaldo ya murɗa, ya girgiza, ya ɗora yatsa a kan ɗigon. Ko shhh ɗin babu. Ya juyo da kujerarsa wajen talabijin, abin da bai taɓa yi ba, ya ce a hankali, "Ina ƙwallon take? Wa ke riƙe da ita?" Duk idanu suna sama, kan talabijin. Haka ya yi ta tambaya har kusan tashi, lokacin da baƙin suka buga kwana, wani ya sa kai. Daga nishin mutane ya gane an ci Estrela.

Marigayin ya bar mai shi, da batir biyu da har yanzu da sauran ƙarfinsu, da ƙusar da ake rataye shi a jikin bango. Ya bar wani sabon rediyo da Cleonice ta sayo, wanda Aderaldo ya shafa fuskarsa bai ji ɗigo ba, ya mayar cikin kwalinsa. Ya kuma bar firizar Nivaldo. Mai ita ya ce duk safiya idan ya ɗaga murfin yana jin taro yana numfashi a ciki. Ya kira mai gyara an duba, an ce lafiyarta ƙalau. Ya sa ta a kasuwa, ba wanda ya taya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da yamma, a gindin bishiyar kashu da ke bayan gidan. Za a naɗe marigayin a tsohuwar rigar Estrela, a sa shi a gwangwanin biskit. Fada, limamin coci, ya ce ba ya yi wa rediyo addu'ar bakwai, kuma gaskiyarsa ce, ba a ja da shi ba. Akwai kofi da dafaffen rogo. Wanda zai zo ya bar wayarsa a aljihu. Wanda zai ce "ai rediyo ne kawai" ya zauna a gidansa.

Nivaldo ne zai haƙa ramin. Cleonice ta yanke sauran hukuncin, unguwa ta shaida. Kakar baɗi, a rukuni na biyu, duk wasan Estrela zai zauna a kunnen dama na mijin yayarsa, sanye da rigar Estrela, ya faɗa masa inda ƙwallo take da wanda ke riƙe da ita, daga busa zuwa busa. Idan Estrela ta ci, da bakinsa zai ja doguwar har numfashinsa ya ƙare. Ranar da wasan ya faɗo lokaci ɗaya da na Portuário, na Estrela zai kalla.