Rasuwar Tabon Baƙin Mai na Ƙofar Gidan Ilu Direba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da har yau bai rabu da warin kananzir ba, Malam Ilu Direba na Gumel yana sanar da 'yan uwa, da abokan tasha, da duk wanda ya taɓa shiga motarsa zuwa kasuwar Maigatari, rasuwar Tabon Baƙin Mai, wanda ya shekara goma sha ɗaya kwance a kan simintin ƙofar gidansa. Ya rasu ranar Talatar makon jiya da hantsi, bayan jinyar kwana uku a hannun mutanen da babu wanda ya kira su.

An haifi marigayi ranar da Ilu ya fara ajiye tsohuwar motarsa a wurin. Ya zo duniya bai fi girman kwabo ba, ya bar ta da faɗin tabarma. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Iyakar maganarsa ɗis, sai ya yi shiru, can kuma ya sake cewa ɗis.

Masu ganin baƙin abu su ce datti ba su san aikinsa ba. Gejin duba mai na motar ya karye tun tuni, fitilar gargaɗi kuwa ta mutu tun kafin Ilu ya saye ta. Don haka kowace safiya, in ya dawo daga masallaci, sai ya ɗan tura motar baya, ya tsuguna ya duba inda ya jiƙe. In danshin ya kai tafin hannu, rabin gwangwani zai ƙara wa inji. In ya kai faifai, gwangwani guda. Da wannan awo motar ta ciyar da mutum tara duk tsawon shekarun nan. Ilu bai taɓa gaya wa kowa ba, ko matarsa Murja, domin direban da ya shekara talatin a kan titi ba zai so a ji a tasha cewa ƙasa ce ke faɗa masa halin injinsa ba.

Ajali ya zo cikin farar shadda. Zayyad ne, ƙanin Murja, ma'aikacin ofis a Dutse, ya zo sunan jikar Ilu. Mutum ne da bai taɓa riƙe sifana ba, amma yana da waya, wayar kuma ta san komai. Ya tsaya a kan marigayi, ya yatsine fuska, ya ce, "Yaya, a nan za a shimfiɗa wa baƙi tabarma? Ai sai a ce gidan bakanike ne." Murja, wadda ta gaji da goge sawun baƙin mai a ledar ɗakinta, ba ta jira ya maimaita ba.

Sai da suka bari Ilu ya fita aiki, sannan suka far wa marigayi. Ranar farko garin katako da toka, aka tattake, aka share. Rana ta biyu kanwa da omo da tafasasshen ruwa, aka bi shi da burushin ƙarfe. Marigayi ya ɗan koɗe, ya jure. Rana ta uku aka kwarara masa kananzir, aka ƙara da lemon kwalba har biyu, wai haka wani ya yi a waya. Duk wannan aiki Zayyad yana tsaye a inuwa yana nuni da yatsa, ko ɗigon ruwa bai taɓa hannun rigarsa ba. Ilu ya dawo ya tarar da wurin fes. Abin ya ƙona masa rai ƙwarai, amma ya haɗiye, ya ce ai gobe za a haifi wani.

Ba a haifa ba. Kafin ya koma Dutse, gwanin ya bar wasiyya: a riƙa tura tsohon faranti ƙarƙashin motar bayan magariba, a janye da asuba. Murja ta riƙe amana, tana janyewa Ilu yana masallaci. Shi kuwa ya zo ya tsuguna, ya shafa, ya ji ƙasa a bushe. Kwana tara ke nan a jere bai ƙara mai ba, har yana cika baki a tasha cewa motarsa ta warke da kanta.

Ranar Alhamis, da fasinja shida da buhun riɗi huɗu, injin ya buga a tsakanin Gumel da Maigatari. Jonah bakanike ya buɗe, ya leƙa, ya ce, "Malam Ilu, ko ɗigon mai babu a cikin nan. Sai haƙuri, wannan ya gama." Da yamma Murja ta ji bayani, ta shiga ɗaki ta fito da galan ta dire a gabansa. Man kwana tara ne, tana tarawa za ta shafa wa azara saboda gara.

Marigayi ya rasu ya bar ƙanne biyu a tashar Gumel, da ɗa ɗaya a inuwar darbejiya a Maigatari, da jikoki masu yawa a gaban rigunan Ilu. Ya kuma bar suruki ɗaya a Dutse, wanda ya aiko da gaisuwa ta waya, haɗe da shawarar inda ake samun inji mai sauƙi. Ana roƙonsa ya riƙe kayansa.

Za a jawo gawar motar da amalanken shanu gobe Asabar bayan la'asar, a ajiye ta a wurinta na kullum. Za a karɓi gaisuwa nan ƙofar gida har kwana uku. Masu zuwa da farar shadda su zauna a ƙasa hankali kwance, babu abin da zai taɓa su. An kuma shaida wa Murja ta mayar da farantinta madafa, domin abin da zai ɗiga ya ƙare.