Sabulun da Na Shafa wa Tanki

Mun je garin Manassas sayen wata tsohuwar mota mai gado da kicin a ciki, sai warin fetur ya tarbe mu. Na ce wa matata, "Maman Grace, tankin mai ne ya tsage. Roƙo mana sabulu." Haka direbobin Kaduna ke toshe tsaga, na sha gani.

Na shige ƙarƙashi ina ta murza sabulu. Tsohon Baturen mai motar ya durƙusa yana kallo, har da ɗaukar hoto.

Can sai ga kumfa a fuskata. Ashe tankin ruwan wanke-wanke ne. Fetur ɗin daga wani tiyo yake ɗiga ta baya.

Har yau a coci, in motar wani ta lalace sai a ce, "Kira Baban Grace ya yi mata wanka."